Fashin Baƙi kan 2,147,483,647, Lambar da Ta Tsayar da Asusun Adashinmu

A ƙarshen watan da ajiyar ƙungiyar adashin malamai ta makarantarmu da ke Kubwa ta haura naira miliyan 21, ma'ajinmu ya buɗe manhajar da yake riƙe lissafi da ita, sai ya tarar jimillar kuɗin ta koma bashi, da alamar ɗebewa a gabanta. Babu wanda ya taɓa ko kwabo, takardar banki ma ta nuna kuɗin suna nan daram. Da yake ni nake koyar da lissafi, sai aka ce in duba. Abin da ya bayyana shi ne manhajar tana ƙirga kuɗi da kwabo, gurbin da aka ware wa jimilla kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce kwabo 2,147,483,647, wato naira 21,474,836 da kwabo 47. An gyara matsalar cikin 'yan kwanaki, amma lambar ta zauna mini a rai, domin na san ta tun ina ɗalibi ta wata fuska da ba ta da alaƙa da kwamfuta ko kuɗi.

A baki ana cewa biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Alƙalumanta goma ne. Wanda zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, lamba guda a kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai ya haura shekara 68 kafin ya kai ƙarshe. Amma yawa ba shi ne abin da masana lissafi suke fara tambaya game da lamba ba. Tambayarsu ta farko ita ce ta mai rabon gado: cikin mutum nawa za a iya raba wannan adadi, kowa ya samu daidai, ba tare da saura ba? Daga amsar wannan tambaya ake sanin rukunin da lamba take ciki.

Gwaje-gwajen farko ba sa buƙatar na'ura. Lambar ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, ba cika ba, kuma ba ta rabuwa gida 2 ko gida 5. Idan aka tara alƙalumanta ana samun 46, tunda kuwa 46 ba ta rabuwa gida 3, ita ma uwar lambar ba ta rabuwa gida 3 ko gida 9; saura 1 ake samu a duka biyun. A gwada 7, saura 1. A gwada 11, saura 1. A gwada 31, nan ma saura 1. Wannan maimaituwar ba dace ba ne: lambar da ke gabanta, 2,147,483,646, ita ce ta tara masu rabo, domin ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Maƙwabta ne bango ɗaya, amma ɗaya tana rabuwa ta hanyoyi da dama, ɗayar kuwa ba ta rabuwa sam, sai da 1 da kuma kanta. Irin wannan lamba ita nake kira wa ɗalibaina gagara-rabo, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, saɓanin haɗaɗɗiyar lamba irin 15 wadda 3 da 5 suka haifa. A jerin lambobi gagara-rabo, 2,147,483,647 ita ce ta 105,097,565.

Sai dai faɗa ta fi tabbatarwa sauƙi. Ta yaya za a san cewa a cikin lambobi sama da biliyan biyu da ke ƙasanta babu ko ɗaya da ke raba ta? Sassauci na farko tsohon sani ne. Idan lamba ta kasance wata sau wata, to lalle ɗaya daga cikin biyun ba ta wuce saiwar murabba'in lambar ba, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da lambar, kamar yadda a 91, wato 7 × 13, ƙaramar ba ta kai 10 ba. Tunda 46,340 sau kanta tana ba da 2,147,395,600, kuma 46,341 sau kanta ta zarce lambarmu, bincike zai tsaya a 46,340. Sassauci na biyu shi ne a gwada gagara-rabo kaɗai, waɗanda suke 4,792 a ƙasa da wannan iyaka. Ga kwamfuta wannan aikin ƙiftawar ido ne. Ga mutum mai takarda da alƙalami kuwa, raba lamba mai alƙaluma goma sau dubu huɗu da ɗoriya, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, aiki ne da zai cinye watanni.

A nan ne siffar lambar ta zama mabuɗi, kuma a nan ne nake ganin darasin yake. Idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su da juna, za a samu 2,147,483,648. A ɗebe 1, ga lambarmu. A rubuce, ita ce 2³¹ − 1. A ƙirgan bi-biyu da kwamfuta take amfani da shi, wanda ba shi da alƙaluma sai 0 da 1, ana rubuta ta da 1 guda 31 a jere, babu sifili ko ɗaya. Rubutun goma-goma da muka saba da shi yana ɓoye wannan tsari baki ɗaya, ya nuna mana alƙaluma a warwatse kamar lambar asusun banki.

Jerin ɗaya-ɗaya yana bayyana wani abu nan take. A ƙirganmu na yau da kullum, 111,111 tana rabuwa da 111, domin ɗaya guda shida suna kasuwa kashi biyu, uku-uku. Tana kuma rabuwa da 11, domin suna kasuwa kashi uku, biyu-biyu. Haka abin yake a ƙirgan bi-biyu: 63, wadda ita ce 2⁶ − 1, tana rabuwa da 3 da 7 saboda wannan dalili. Ke nan kafin lamba mai wannan siffa ta zama gagara-rabo, dole yawan ɗaya-ɗayan da ke cikinta ya zama gagara-rabo shi ma. Lamba 31 ta cika wannan sharaɗi. Amma cika sharaɗin ba ya wadatarwa, kuma nan ne masana da dama suka yi tuntuɓe: 11 gagara-rabo ce, duk da haka 2¹¹ − 1, wato 2,047, ita ce 23 × 89.

Lambobi masu wannan siffa suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Faransa, wanda a shekarar 1644 ya wallafa jerin waɗanda yake ganin gagara-rabo ne, gwargwadon yawan 2 da aka ninka a kowace: na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Kafin shi, a 1588, Pietro Cataldi na ƙasar Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287, wato na 17 da na 19, sannan ya yi hasashen cewa na 23, 29, 31 da 37 ma haka suke. Uku daga cikin huɗun nan sun rushe. Na 23 yana rabuwa da 47, na 37 yana rabuwa da 223, na 29 kuma shi ne 233 × 1,103 × 2,089. Na 31 kaɗai ya tsira, amma a matsayin zato, kuma zato ba hujja ba ne ko da ya dace da gaskiya. Shi kansa Mersenne ya yi kuskure a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107.

Wanda ya kawo hujjar shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel ta ƙasar Siwizalan, a cikin wata wasiƙa da ya aika wa wani masani daga gidan Bernoulli a shekarar 1772, lokacin yana zaune a ƙasar Rasha, idanunsa kuma sun kusa rufewa gaba ɗaya. Bai tsaya raba lambar sau dubbai ba. Ya fara da tambayar wane kama ne dole mai raba ta ya kasance da shi, in har akwai shi. Daga wata ƙa'ida ta Pierre de Fermat, an san cewa duk gagara-rabon da zai raba 2³¹ − 1, idan aka ɗebe masa 1, abin da ya rage zai rabu gida 31. Tunda kuma shi mara ne, abin da ya rage cika ne, saboda haka zai rabu gida 62. Mai karatu zai iya gwada wannan da 2,047 da muka ambata: masu raba ta su ne 23, wato 22 da ɗaya, da 89, wato 22 sau huɗu da ɗaya. Euler ya ƙara sharaɗi na biyu, cewa idan aka raba irin wannan mai rabo gida 8, saurar dole ta zama 1 ko 7. Idan aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai a ga lambobin da suka cancanci gwaji su ne kawai masu barin saura 1 ko 63 idan aka raba su gida 248. A ƙasa da 46,340 irinsu ba su wuce 372 ba, in aka cire 1 da 63, kuma akasarinsu haɗaɗɗu ne da ba sai an gwada su ba: 249 ita ce 3 × 83, 497 ita ce 7 × 71. Gagara-rabo ta farko a jerin ita ce 311, kuma idan aka raba lambarmu da ita saura 35 ake samu. Haka za a bi sauran har ƙarshe, ba a samu mai raba ta ba.

Daga biliyan biyu zuwa dubu arba'in da shida, daga nan zuwa dubu huɗu da ɗoriya, daga nan zuwa ƙasa da ɗari huɗu. Wannan ragewar ita ce lissafi, kuma ita ce abin da ya fi damuna a yadda muke koyar da shi. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO ya haddace cewa gagara-rabo ita ce lambar da ba ta da mai raba ta sai 1 da kanta, zai kuma iya jero su har 97, amma da wuya a nuna masa cewa tunani a kan siffar lamba yana iya maye gurbin aikin watanni. Duk lokacin da na yi wannan darasi a aji, na lura yaran da aka ɗauka ba sa son lissafi su ne suke fara ɗaga hannu idan an zo wurin 248, domin a nan ne suke ganin dalili a bayan ƙa'ida.

Lambar ta riƙe matsayin gagara-rabo mafi girma da aka tabbatar har shekarar 1867, kusan ƙarni guda. A 1811 wani masani ɗan Ingila, Peter Barlow, ya bayyana ra'ayin cewa da wuya wani ya nemi wuce wannan mataki, tunda a ganinsa lambobin abin sha'awa ne kawai marasa amfani. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, ta wata hanya da Derrick Lehmer na Amurka ya kammala a 1930. Hanyar ba ta neman mai rabo ko kaɗan. Ana fara da 4, a ninka ta da kanta a ɗebe 2, a riƙe saurar da ta rage bayan an raba da lambar da ake gwadawa, a sake maimaitawa. A gwada da 31, wadda ita ce 2⁵ − 1: daga 4 a samu 14, daga 14 a samu 194, saurarta 8, daga 8 a samu 62, saurarta sifili. Sifili a mataki na uku yana tabbatar da cewa 31 gagara-rabo ce. Ga 2,147,483,647 matakai 29 kacal ake buƙata. Da wannan hanya ake tabbatar da manyan lambobin da shirin GIMPS na masu neman lambobin Mersenne da kwamfuta, wanda aka kafa a 1996, yake ganowa, ciki har da ta watan Oktoba na 2024, wato 2 guda 136,279,841 a ninke ban da ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320, wadda ta zama ta 52 da aka sani a wannan dangi. Lambarmu ita ce ta takwas.

Tana kuma cikin wani ƙaramin gida a cikin dangin. Lamba 31 da aka gina ta a kai ita ma lambar Mersenne ce, kamar yadda muka gani yanzu. Gagara-rabo masu irin wannan ninki biyu huɗu kaɗai aka sani: 7, 127, 2,147,483,647, da waccan ta Lucas.

Abin da ya sa magabata suka bi sawun waɗannan lambobi tun farko shi ne wani rabe-rabe da ya girme su. Idan aka tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, jimillar ko dai ta gaza lambar, ko ta zarce ta, ko ta yi daidai da ita. Ta farko tauyayya ce, kamar 8, wadda 1 da 2 da 4 suka ba da 7. Ta biyu mai rara ce, kamar 12, wadda masu raba ta suka tara 16. Ta uku ita ce kamila, kamar 6, wato 1 + 2 + 3, da 28, wato 1 + 2 + 4 + 7 + 14. A wannan ma'auni 2,147,483,647 tauyayya ce matuƙa, domin jimillar masu raba ta 1 ce tak. Amma Iƙlidis, tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa duk gagara-rabo mai wannan siffa tana haifar da kamila idan aka ninka ta da rabin lambar da ke binta: 3 × 2 ta ba da 6, 7 × 4 ta ba da 28, 31 × 16 ta ba da 496, 127 × 64 ta ba da 8,128. Malaman lissafi na ƙasashen Musulmi, irin su Sabit bin Ƙurra da Ibnul Haisam, sun yi aiki a kan wannan babi, daga baya kuma Euler ya tabbatar da cewa duk kamilar da take cika daga wannan hanya take fitowa. Saboda haka lambarmu ita ce uwar kamila ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, mai alƙaluma 19 da masu rabo 62. Ko akwai kamila mara, da ko lambobin Mersenne gagara-rabo suna da iyaka, tambayoyi ne biyu da har yau suke buɗe a fagen lissafi.

Akwai wani rukuni da nake so saboda ɗalibin ƙaramar sakandare ma zai iya bin hujjarsa. Duk lambar da aka ninka da kanta, idan aka raba sakamakon, wato murabba'inta, gida 8, saurar ba ta fita daga 0, 1 ko 4. A ɗauki uku daga cikin waɗannan ta kowace hanya, ba za a taɓa haɗa 7 ba, ko da an sake rabawa gida 8. To lambarmu tana barin saura 7, kamar yadda alƙalumanta uku na ƙarshe, 647, suka nuna. Ke nan ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ko uku ba. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa murabba'i huɗu suna isar kowace lamba, kuma ga tata: 46,339² + 425² + 10² + 1². Tagwaitaka kuwa, wato samun wata gagara-rabo da tazarar biyu kawai ke tsakaninsu, ba ta da ita, domin lambar da ke ƙasanta da biyu ta ƙare da 5, wadda ke samanta da biyu kuma tana rabuwa gida 3.

Yanzu sai mu koma ga ma'ajinmu. Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe, kowane gurbi 0 ko 1, kuma tsarin da ya daɗe yana yawo a manhajoji shi ne mai gurabe 32. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31. Mafi girman abin da za su ɗauka shi ne a cika su duka da 1, wato lambarmu daidai. Idan aka ƙara ɗaya, sai ƙarin ya malala cikin gurbin alama, kamar ma'aunin tafiyar mota da ya cika ya juyo, a samu 2,147,483,648 a ƙasa da sifili. Abin da ya mayar da ajiyarmu bashi ke nan. Wannan iyaka ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Lambar wayar salula a Najeriya, idan aka cire sifilin farko, alƙaluma goma ce masu farawa da 7, 8 ko 9, duk sun zarce iyakar; lambar NIN da ta BVN alƙaluma 11 ne. Matashin da ke koyon rubuta manhaja a Wuse ko Gwarinpa ya kamata ya ajiye irin waɗannan a matsayin rubutu, tunda ba a tara su ba a ɗebe su. Haka kuma tsofaffin na'urori masu ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu, 1970, za su cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya, daga nan su koma watan Disamba na 1901.

Ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kasancewar lambar iyakar gurabe 32 bai dogara da kasancewarta gagara-rabo ba. Na farko ya fito ne daga zaɓin masu ƙera na'ura, na biyu kuma hali ne nata tun fil'azal. Sai dai akwai inda suka haɗu suka yi amfani. A 1988 Stephen Park da Keith Miller sun ba da shawarar wata hanya ta samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta: a ninka lambar da ke hannu da 16,807, wato 7 guda biyar a ninke, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura. Saboda mai rabawar gagara-rabo ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, jerin yana ratsa kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa.

Gyaran da aka yi wa manhajarmu shi ne mayar da gurbin jimilla mai 64, wanda iyakarsa ita ce 9,223,372,036,854,775,807, wato 2⁶³ − 1. Na rubuta wannan lamba a allo a darasin da ya biyo baya, na tambayi aji ko ita ma gagara-rabo ce. Wata ɗaliba a layin baya ta ce a'a, Malam, ɗaya guda 63 suna kasuwa uku-uku, saboda haka 7 za ta raba ta, suna kuma kasuwa bakwai-bakwai, saboda haka 127 ma za ta raba ta. Ba ta taɓa kalkuleta ba, kuma duka biyun haka suke.